Banish Ya Mutu, An Ce Hannun Yaya Ne

Ranar da maigidana ya shigo da gwangwanaye goma sha ɗaya a bayan mota, bakinsa har kunne, ni na riƙe masa ƙyauren gida. Wani ɗan kwangila ne ya gama aikin bene ya bar masa ragowar banish, man nan da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, ruwa ya kasa shigarsa. Kyauta aka ba shi. Na kuwa san mijina, in dai abu na kyauta ne, ko ciwon kai ne sai ya ce a ƙara masa.

Kafinta ne, shagonsa na jikin gidanmu ta bakin titi. Shi ke yanka katako, shi ke haɗawa, shi ke magana da masu saye. Aikin ƙarshe kuwa, gogewa da samfefa da shafa banish, na yayarsa ne, a rumfar bayan gida take yinsa. Kowa Yaya yake ce mata, har Inna da ta haife su ta bi bakin yara. Ba ta da miji, ba ta da ɗa. Ɗaki ɗaya take da shi a gidan, da buroshi huɗu, sai kuma suna. Mutum zai zo sayen kujera ya tambaya, "Hannun Yaya ne?" In aka ce masa e, ko shafawa ba ya yi, sai ya ce a ɗora masa a mota.

Aka jera gwangwanayen a tsakar gida. Yaya ta tsuguna, ta sa gindin cokali ta ɓalle murfin na farko. Rabinsa iska ce. A saman man akwai yana mai kauri, ta danna da yatsa, ta lotsa, ba ta fashe ba. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku, ta sunsuna, sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙanenta.

"Yaushe aka buɗe waɗannan?"

"Ina ruwanki da yaushe?" in ji shi. "Banish ne fa, ba madara ba ce da za ta yi tsami."

"Tun ranar da aka fasa murfinsa iska ta fara cinsa. Da an goge bakin gwangwanin an rufe gam, ko an juye ragowar a ƙaramar kwalba, zai iya kai shekara. Wannan an bar shi rabi, murfin ma bai zauna ba. Ya mutu, ƙanena. Ko an shafa ba zai bushe ba."

"A yaye yanar, a tace, a zuba masa kalanzir ya saki. Shi ke nan."

"Kalanzir zai sa ya bi buroshi, ba zai sa ya bushe ba."

Ya yi dariya ya juyo wajena. "Kin ji ko? Yaya ta zama injiniya ba mu sani ba." Ni ma na yi murmushi, don haka na saba yi in ya yi barkwanci. Har yau in na tuna murmushin nan sai in ji haushin kaina.

Yaya ba mai dogon musu ba ce. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan guntun gilashi ta ajiye bisa katanga. Banish mai rai kwana ɗaya ya ishe shi. Bayan kwana uku ta kai masa gilashin har shago, ta danna babban yatsanta a kai, ta ɗaga hannu, gilashin ya biyo yatsan.

"Gilashi daban, katako daban," in ji shi, ko ajiye zarto bai yi ba. "Katako zai shanye. Kuma ki sani, ba zan sayi sabo ba alhali ga guda goma sha ɗaya a ajiye."

Ta kai ƙara wajen Inna. Inna na zaune bakin ƙofarta tana tsintar shinkafa, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke dai ki shafa. Ƙanenki ne, amma shi ne namijin gidan. Ya ɗauko abu da murnarsa, sai ki ce a zubar?"

"Inna, ba zai bushe ba."

"To ki shafa da bismilla."

Da bismillar ta shafa, kujeru shida na wani malamin makaranta. Kwana uku suna danƙo, mako guda suna danƙo. Ƙura ta zauna musu, ƙudaje suka maƙale suka mutu a kai, gashin kaza ma sai da na cire daga ƙafar ɗaya. Da ruwan sama ya kankama, maigidana ya ce a shigar da su ɗakin Yaya, wai nan ne kawai babu yara masu taɓe-taɓe. Ɗakin taga ɗaya gare shi. Aka jera kujeru shida kewaye da katifarta, daga baya aka ƙara mata akwatin littattafai da kan gado. In ta fito da safe idanunta jajur, tana dafe da goshi, warin ya kama har mayafinta. Ba a yi wata guda ba ta fara tari.

Malamin ya matsa, aka kai masa kujerunsa a haka. Kwana biyu ya dawo da su, da wandonsa a hannu yana nuna wa maigidana bayansa. Tsakanin shago da kicin ɗina katangar katako ce kawai, duk abin da aka faɗa a can a kunnena yake sauka. Na ji mijina yana cewa, "Damina ce, malam, danshi ne ya yi yawa." Da mai akwatin littattafai ya dawo da nasa, rana ta riga ta buɗe, ba damar ɗora wa damina. Sai na ji mijina ya ce, "An cika masa mai ne wajen shafawa." Ta uku kuwa, matar da aka yi wa kan gadon nan, da ta dawo da nata sai ya sassauta murya irin ta mai jaje.

"Ai yayar tawa ce. Girma ya fara kama ta, idon ya soma hazo. Lallaɓa ta kawai muke yi, kin san ɗan'uwa ba a yar da shi."

Ludayi na hannuna, na tsaya cak. Matar da ake cewa idonta ya yi hazo, ita ke zura mini zare a allura in na kasa.

Duk kayan da aka dawo da shi, Yaya ce mai gyara. Sai ta jiƙa tsumma da tina, man da ke narkar da banish, ta bi katakon tana kankarewa da guntun ƙarfe har ya koma fari, ta goge da samfefa, sannan a miƙo mata wani gwangwanin daga cikin matattun nan a ce ta gwada wannan, wataƙila shi ya fi. Tina ta cinye mata fatar hannu. Yatsunta suka tsattsage, in ta sa su a ruwa sai ta cije leɓe. Ta daina iya matse wanki, ni nake matse mata a ɓoye, kamar wadda ke aikata laifi.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Na kai masa abincin rana shago, na ce, "Baban yara, ko ƙaramin gwangwani ɗaya ka saya mata sabo, a ga ko za a dace."

"Ke tukunya kika sani," in ji shi. "In na sayi sabo yanzu, ai na yarda ke nan ita ce da gaskiya. Gobe kuma sai ta ce katakon ma ban iya zaɓa ba."

Wato ya sani. Nan na gane ba jahilci ke damunsa ba. Na ɗauki kwanona na koma ciki, na ja bakina na yi shiru, na ce wa kaina maganar 'yan'uwa ce, ni bare ce a cikinta. Kowa a gidan nan da abin da ya lulluɓa da shi. Shi ya ce shago ne ke ciyar da mu, kada a taɓa sunansa. Inna ta ce haƙuri ne maganin zaman gida. Ni na ce ba ruwana. Yaya kuwa tana rumfa tana tari tana kankara.

A wata na biyar ta ji da kunnenta. Ta shigo kicin neman ruwan ɗumi ta jiƙa hannunta, sai ga muryar wani ta cikin katangar yana cinikin teburi.

"Amma dai ba hannun Yaya ba ne ko? Don an ce mini yanzu duk abin da ta taɓa sai a hankali."

"A'a, a'a," in ji mijina. "Wannan zan sa ido da kaina."

Yaya ta tsaya da hannuwanta cikin roba. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Amarya," don haka take kirana har yau da 'ya'yana uku, "tun yaushe yake faɗin haka?"

Na sunkuyar da kai. "An jima ana yi, Yaya."

"Kuma kina ji."

Ba tambaya ba ce. Ta tsane hannunta da gefen zani, ta koma rumfa, ta wanke buroshinta huɗu tas, ta naɗe kowanne a takarda ta ɗaure da zare. Sannan ta fito da kayan katakon da aka jera a ɗakinta ɗaya bayan ɗaya ta jibge a tsakar gida, ta buɗe tagarta. Da maigidana ya shigo ya ga tulin, ta riga shi magana.

"Daga yau ba na shafa abin da ba ni na fasa murfinsa ba."

"To sannu, injiniya. Kin ɗauka in babu ke shagon rufewa zai yi?"

A lokacin akwai teburin yanka da wata tela ta layin bayanmu ta ba da a yi mata, babba, mai faɗi, wanda za ta riƙa shimfiɗa yadi a kai. Maigidana ya tura ƙofar shago rabi, ya yaye yanar wani gwangwani, ya tuttula kalanzir, ya lafta wa teburin da hannunsa. Bayan kwana biyar saman ya ɗan kame, in ka taɓa a hankali sai ka ce ya bushe. Ya shigo gida yana taƙama, ya ce wa Inna, "Kin gani? Dama hannu ne." Aka kai wa tela teburinta.

Ranar Laraba da hantsi muka ji ihu a ƙofar shago. Telar nan mace ce da ba ta iya raɗa ba. Ta sa an turo teburin a kura, da farin yadi manne a kansa. Ta shimfiɗa yadin ne ta ɗora dutsen guga da ɗuminsa a gefe, da ta zo ɗagawa sai ya ƙi tashi, inda ya tashi kuma ya taso da jan tabo.

"Kafinta! Fito ka ga aikinka! Yadin mutane ne wannan, ba nawa ba ne! Me zan ce wa mai shi?"

Kafin ka ce me, masu shaguna da masu wucewa sun kewaye kurar. Ina leƙe ta ƙofar gida. Mijina ya fito yana murza hannu, ya ce, "Uwar ɗakina, yi haƙuri, sassauta. Kin dai san abin da muke fama da shi a gida. Bari in kira ta ta ba ki haƙuri da bakinta."

Ya shigo da sauri ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Yaya na zaune a rumfa tana shafa wa yatsunta man kaɗe.

"Yaya, taso ki ba matar nan haƙuri. Kalma biyu ce kawai."

"Haƙurin me?"

"Ke dai taso. Ke mace ce, in kin ce kuskure ne za ta yafe. Ni in na ce ni ne, shagon ya mutu, kuma da shi muke ci har ke."

Inna ta dogaro sandarta ta iso. "Rufa masa asiri, 'yar nan. Shi iyali gare shi. Ke me za ki rasa?"

Yaya ta dubi mahaifiyarta. Sannan ta miƙe, ta yafa mayafi, ta sunkuya ta ɗauki gwangwani ɗaya daga cikin waɗanda aka jera a gindin katanga. Inna ta sauke ajiyar zuciya tana sa mata albarka, ta ɗauka an gama. Na bi bayansu har bakin ƙofa.

Yaya ta gaida tela kamar yadda ya kamata, ta tambayi yara. Ta dafa gefen teburin, ta ɗaga hannu, aka ji ƙarar ɓantarewar fata daga danƙo. Ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji:

"An ce in ba ki haƙuri. Ina taya ki baƙin cikin yadinki. Amma ba ni na shafa teburin nan ba."

"Yaya!" in ji mijina.

Ba ta kula shi ba. Ta ɓalle murfin gwangwanin ta kifa shi a gaban mutane. Babu abin da ya zubo. Sai da ta girgiza sannan wani curi ya faɗo ƙasa tim, yana rawa kamar kitse.

"Ga abin da ake ba ni in shafa wata biyar. Banish ne da aka buɗe tun ban san yaushe ba, aka bar shi ya mutu. Na faɗa ranar da aka kawo shi, aka ce na zama injiniya. Da ya ƙi bushewa aka ce muku idona ne." Ta miƙa hannuwanta, tafi sama. "Ga ladan da na samu. Yau kwana goma sha biyu rabona da buroshi. Mataccen banish kuwa ba ya barin gefen farce, ko da me ka wanke. Ku dubi nawa. Ƙanena, fito da naka daga aljihu."

Wallahi sai a lokacin na lura hannuwansa duka biyu suna cikin aljihu. Ya ƙara cusa su. Wani mai gyaran babur ya ce, "Oga, fito da su mana, ai ba kuɗi aka ce ka fito da shi ba." Aka yi dariya. Mijina ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya faɗo kaina a bakin ƙofa, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya sami mai ceto.

"Ga matata nan, a gida take wuni. Ke, faɗa musu wa ya shafa teburin nan."

Bai yi shakka ba ko kaɗan. Me zai sa ya yi? Wata biyar ina ji ina shiru. Na tuna a ɗakinsa zan kwana, abincinsa zan ci. Na dubi Yaya. Ba ta ma kalle ni ba, ta riga ta cire rai da ni, wannan kuwa ya fi mini zafi a kan duk abin da zai biyo baya.

"Kai ne," na ce. "Rigar da ka yi aikin da ita na kan igiya. Wanki uku na yi mata, hannunta har yanzu a sandare yake."

Tela ta riƙe haɓa. "Ashe!" in ji ta. Ta juya wajen Yaya. "Ki yafe mini, baiwar Allah. Har da bakina a cikin masu cewa idonki ya tafi." Ta sa aka juya kurar, ta ce a mayar mata da teburin shagonta, maganar yadi kuma tsakaninta da kafinta ce, za ta dawo masa.

A ranar Yaya da tela suka tafi tare wajen mai fenti. Yaya ta zaɓi ƙaramin gwangwani, ta fasa murfinsa da hannunta, ta rubuta kwanan wata a kai da ƙusa. Kwana biyu tana kankare teburin a shagon tela, da safar hannu ta roba da telar ta saya mata. Ta shafa siririn shafi da safe, washegari ya bushe ƙarau. Ta goge, ta sake shafawa. Ranar da aka gama, tela ta fito da teburin bakin titi, ta shimfiɗa farin yadi ta ja shi da yatsa ɗaya, ya zame ya faɗi. Duk wanda ya wuce sai ta tsayar da shi ya shafa. Bakin nan nata da ya taya ɓata sunan, shi ya dawo da shi. Kafin wata ya ƙare, kafintoci biyu na layin sun fara aiko wa Yaya da kayansu shagon tela.

A gida kuwa ita ce mai laifi. Inna ta yi mako ba ta amsa gaisuwarta. Ranar da ta buɗe baki, cewa ta yi, "Kin tozarta ƙanenki a titi."

"Wata biyar yana tozarta ni a titin nan, Inna," in ji Yaya. "Ban ji kin aika a kira shi ba."

Har yau kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe ta, ko an amsa ko ba a amsa ba. Tarin dai bai sake ta ba tukuna, yatsa biyu kuma sun ƙi warkewa. Babu wanda ya ce mata sannu. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: a gidanmu ba a taɓa tambayar wa ya yi ɓarna ba, wanda ya fi iya shiru ake nema a ɗora masa. In ya ɗauka, a ce yana da kirki. In ya sauke, a ce ya fasa gida. Na zauna a cikin wannan tsari shekara tara ina ganin kaina mutuniyar kirki, alhali ina cikin masu riƙe wa Yaya kayan a ka.

Gwangwanaye shida suka rage, maigidana bai zubar da ko ɗaya ba. Ya yi kwana huɗu ba ya yi mini magana. Ran na biyar ina wanki a tsakar gida sai ga shi da fara'a, riƙe da sabon buroshi ko fita daga ledarsa bai yi ba. Buroshi dai ya iya saye. Ya tsuguna kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Maman yara, abin da ya wuce ya wuce. Aikin nan fa ba wuya, sama zuwa ƙasa ne kawai. Zan koya miki. Akwai kujeru huɗu suna jira."

Na dubi buroshin, na dubi gwangwanayen da ke gindin katanga.

"Da wane banish?"

"Wanda muke da shi mana. A tace shi da kyau kawai."

"In ya ƙi bushewa, sunan wa za ka faɗa wa mai kujerun?"

Ya ƙara miƙo mini buroshin. Na mayar da hannuwana cikin ruwan kumfa har gwiwar hannu.

"Naka hannun ya riga ya ɓaci, Baban yara," na ce. "Ƙarasa da shi."